Tattakin bazara a tuddan Cotswolds: tambayoyi da amsoshi

Duk shekara, da zarar sanyi ya fara sassautawa a Ingila, sai maganar fita tattaki ta taso tsakanin 'yan uwa ɗalibai da ma'aikata mazauna Landan, Birmingham, Coventry da Oxford. Tambayoyin da ake yi kusan iri ɗaya ne, shi ya sa aka tattara su wuri guda. An zaɓi yankin Cotswolds ne saboda daga waɗannan biranen ana iya zuwa a dawo a yini ɗaya, kuma tuddansa ba sa neman ƙwarewar hawan dutse.

Ina ne Cotswolds ɗin?

Jerin tuddai ne da ke yamma da Oxford, sun miƙe daga kusa da Stratford-upon-Avon a arewa har zuwa birnin Bath a kudu. Mafi yawan yankin yana cikin lardin Gloucestershire, amma ya shiga Oxfordshire, Worcestershire, Warwickshire, Wiltshire da Somerset. Tun 1966 gwamnati ta sa shi cikin wuraren da doka ke kare kyawunsu, kuma faɗinsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 2,000. Ta gabas ƙasar na gangarawa a hankali zuwa kogin Thames, wanda a nan ma ya samo asali. Ta yamma kuwa tudun ya yanke ne lokaci guda, ya bar mutum a tsaye yana hangen kwarin kogin Severn a ƙarƙashinsa. A bakin wannan yankewar aka bi da babbar hanyar ƙafa ta yankin, Cotswold Way, mai tsawon mil 102, wato kilomita 164, daga Chipping Campden zuwa Bath. A 2007 aka sa ta cikin manyan hanyoyin ƙafa na ƙasa. Wuri mafi tsayi shi ne Cleeve Hill kusa da Cheltenham, mita 330 kacal.

Ga mota, ga bas na 'yan yawon buɗe ido, me zai sa mutum ya biya kuɗin jirgin ƙasa don ya je ya wahalar da ƙafafunsa?

Wannan tambayar ce kan gaba, kuma mai yin ta bai yi laifi ba. Wanda ya tashi a inda tafiyar ƙasa alama ce ta rashin abin hawa, da wuya ya ɗauke ta a matsayin hutu. Sai dai abin da bas ke nuna maka shi ne ƙauyuka uku ko huɗu da kowa ya sani, irin su Bourton-on-the-Water da Bibury, inda ranar Asabar mai rana sai ka bi layi kafin ka ɗauki hoto a kan gada. Za ka ga gidaje masu kyau, ka sayi askirim, ka koma mota. Abin da ya sa ƙauyukan suka zama yadda suke yana bayan gidajen: makiyaya, katangun dutse, dazuzzuka, tumaki. Babu titin da ke shiga nan.

Akwai kuma bambanci tsakanin sauka daga bas a tsakiyar ƙauye da gangaro masa daga tudu bayan tafiyar awa biyu, ka fara hango hasumiyar coci, sannan rufin gidaje, sannan ka ji ƙamshin hayaƙin itace. Gani ya kori ji.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Bazarar Ingila daga Maris ne zuwa Mayu, kuma babu zafi a cikinta. Maris taɓo ne da iska mai sanyi, ban ba wa sabon shiga shawarar farawa da shi ba. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu shi ne lokacin da ya fi: itatuwa sun yi sabon ganye, 'ya'yan tumaki sun cika makiyaya, ƙasa ta fara tsanewa. Da rana ma'aunin zafi kan tsaya tsakanin digiri 12 da 17, amma da sassafe a Afrilu yana iya sauka kusa da sifili. Tunda ana tura agogo gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 8 a tsakiyar Afrilu, a ƙarshen Mayu kuma sai bayan ƙarfe 9. Saboda haka ko an yi nawa a hanya, duhu ba zai riske ku ba.

Wace hanya ce ta dace da fitowar farko?

Chipping Campden zuwa Broadway. Mil 6 ne, kusan kilomita 10, kuma shi ne zangon farko na Cotswold Way, ga alamomi ko'ina.

Ana tashi ne daga tsohuwar rumfar kasuwa ta dutse da ke tsakiyar Chipping Campden, wadda attajirin nan Baptist Hicks ya gina a 1627 domin masu sayar da cuku da man shanu da kaji su sami mafaka. Daga nan sai a fita gari a hau Dover's Hill. Hawan bai wuce mil ɗaya ba, amma nan ake gane wanda ya yi kari da wanda bai yi ba. A saman akwai fili mai ciyawa da ke kallon kwarin Evesham, wuri ne na tsayawa a sha ruwa. Bayansa tafiyar ta zama ta shimfiɗe: wani dogon fili mai faɗi tsakanin itatuwa, sai gonaki, sai Fish Hill inda akwai teburan cin abinci. A nan za a tsallaka babban titin A44, kuma motoci na gudu sosai, don haka a taru a ƙetare tare.

Ba da nisa ba sai hasumiyar Broadway ta bayyana. An gina ta a ƙarshen ƙarni na 18 domin wani basarake, Earl na Coventry, ba don yaƙi ko tsaro ba, don ado kawai da nuna isa. Tana kan tudu mai tsayin mita 312, na biyu a duk yankin. Masu wurin na cewa idan gari ya washe ana hango larduna 16 daga samanta. Ko ba a ƙirga ba, hangen ya isa. A gefenta akwai wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa da aka haƙa a zamanin yaƙin cacar baka don sa ido kan harin nukiliya, akwai kuma garken barewa a killace. Shiga hasumiyar da kuɗi ne, amma wucewa ta gefenta kyauta ne. Daga nan sai gangara ta cikin makiyayar tumaki har babban titin Broadway, inda shagunan shayi ke jira.

Waɗanda ƙafarsu ta saba suna iya ɗaukar Broadway zuwa Winchcombe, kusan mil 12. Ta nan ake ratsa Stanton, ƙauyen da a ganina ya fi waɗanda ake ta yayatawa kyau, don babu shagunan tsaraba da suka cika shi. Ana kuma wucewa ta kangon gidan ibada na Hailes, wanda aka kafa a 1246 aka rufe a 1539 zamanin Sarki Henry na 8. A Winchcombe kuma akwai fadar Sudeley, inda aka binne Katherine Parr, matar sarkin ta ƙarshe.

An ce ta cikin gonakin mutane ake bi. Ba za a kama mu ba?

Ba za a kama ku ba, muddin kuna kan hanya. Wannan ne abin da ya fi muhimmanci a fahimta, don duk daɗin tattaki a Ingila a kansa ya rataya.

Kusan duk ƙasar da za ku taka mallakar wani ce. Ba dajin gwamnati ba ne, gonar mutum ce da yake ci daga gare ta. Amma doka ta amince da wasu tsofaffin hanyoyi da mutane suka daɗe suna bi zuwa coci, kasuwa ko injin niƙa, ta ce haƙƙin wucewa ta kansu na kowa ne, ko da gonar ta sauya hannu sau goma. Abin ya yi kama da burtali: hanya ce a tsakiyar gonaki wadda manomi ba shi da ikon toshewa, mai wucewa kuma ba shi da ikon kauce mata ya faɗa cikin shuka. A Ingila da Wales irin waɗannan hanyoyi sun kai kusan mil 140,000. Idan hanyar ta ratsa tsakiyar gona kuma manomi ya yi huɗa a kanta, doka ta ba shi kwana 14 ya gyara ta yadda za a gane ta. Shi ya sa za ku ga siririn layi ya keta gonar alkama, kuma nan ɗin ne daidai wurin bi, ɗaya bayan ɗaya.

Alamomin suna jikin sanduna da ƙyamare. Kibiya rawaya na nufin hanyar masu ƙafa kaɗai. Shuɗiya na nufin masu doki da keke ma suna da haƙƙi, don haka a sa kunne. Ja na nufin har mota na iya biyowa. Hoton wani ɗan ƙwallon itace mai hula kuwa shi ne tambarin manyan hanyoyin ƙasa, shi za ku riƙa bi a Cotswold Way.

Haƙƙin na wucewa ne. Ana iya tsayawa a huta, a ci abinci a gefen hanya, amma ba a kafa tanti, ba a hura wuta, ba a buga ƙwallo a makiyaya. Ƙyaure kuma a bar shi yadda aka same shi: na rufe a rufe, na buɗe a buɗe, don wataƙila manomi ne ya bar shi domin dabbobi su kai ga ruwa. A ayari nan ake samun kuskure, na gaba ya buɗe, na baya ya ɗauka haka aka tarar. Sai a riƙa faɗa wa juna. Katangun dutsen nan da aka jera ba siminti ba a hawansu. Akwai matakala ko ƙaramin ƙyaure mai lilo da aka tanada. Dutse ɗaya ya zame, sauran sun biyo shi, kuma gyaran aikin gwani ne mai tsada.

Ke nan da can ma haka abin yake, kowa na shiga?

A'a, an sha gwagwarmaya. Hanyoyin ƙafa tsofaffi ne, amma manyan filayen tsaunuka na arewa masu ƙasa sun daɗe da rufe su don farautar tsuntsaye. Ranar 24 ga Afrilu 1932 wasu ɗaruruwan matasa, yawancinsu ma'aikatan masana'antu daga Manchester, suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan ba izini, ƙarƙashin jagorancin Benny Rothman. Aka yi 'yar hatsaniya da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar na wasu watanni. Ɗaurin ya jawo musu goyon baya. A 1935 aka kafa Ramblers, ƙungiyar masu tattaki, a 1949 aka yi dokar gandun shaƙatawa na ƙasa, a 1951 yankin Peak District, inda Kinder Scout yake, ya zama na farko. Sai a 2000 aka yi dokar da ta buɗe tsaunuka da filayen da ba a nomawa ga masu tafiya a ƙafa. Duk da haka wannan bai wuce kusan kashi 8 cikin 100 na ƙasar Ingila ba. A Cotswolds, ban da wurare irin su filin Cleeve Hill, a kan hanya ake zama.

Idan muka kauce bisa kuskure fa?

Yana faruwa ga kowa. Shiga gonar mutum bisa kuskure ba laifin da 'yan sanda ke kamawa ba ne. Idan mai gona ya yi magana, a gaishe shi, a ba shi haƙuri, a tambaye shi inda hanya take, a bi. Kada a tsaya gardama, kada mutum goma su yi magana lokaci ɗaya.

Shanu da tumakin ba sa kai hari?

Tumaki gudu suke yi. Abin da ake roƙo shi ne kada a bi 'ya'yansu don ɗaukar hoto, kada a ɗauki wanda aka gani shi kaɗai da sunan taimako, uwar na nan kusa. Hukumomin lafiya na gargaɗin mata masu juna biyu su nisanci tumaki masu haihuwa da jariransu, saboda cututtukan da ke iya taɓa cikin.

Shanu ne abin lura. Wanda ya saba da shanun da makiyayi ke tare da su dare da rana zai iya raina waɗannan, alhali su sakinsu ake yi a fili ba kowa. A bazara ake fito da su daga rumfunan da suka yi hunturu a ciki, ga ɗoki, ga maruƙa sababbin haihuwa. Matasan cikinsu kan biyo mutane a guje don son sani kawai. Kada a ruga, kada a yi ihu. A haɗu wuri guda, a yi tafiya a natse, a kewaye garken da tazara, kuma kada a shiga tsakanin saniya da ɗanta. Idan akwai mai kare a cikinku kuma shanu suka taso, ya saki igiyar, karen zai tsere da kansa, shi suke nema. Doka ta hana a bar bijimin shanun madara a filin da hanyar jama'a ta ratsa. Idan duk da haka garke ya tare ƙyaure kuma hankalinku bai kwanta ba, a koma a nemi wata hanya.

Me za mu saka, me za mu ɗauka?

Takalmi ne farko. Wanda ke da tudu-tudu a ƙasansa, ya riƙe idon sawu, ruwa ba ya shiga. Farin kambas ɗin da aka saya don zuwa lacca zai dawo ba a gane shi. Kada kuma a ɓare sabon takalmi ranar tafiya, a sa shi a gari na wasu kwanaki tukuna, in ba haka ba bororo ne zai biyo baya. Safa mai kauri, da wata a jaka.

Tufafi a sa su hawa-hawa: 'yar ciki mara nauyi, rigar sanyi, sai rigar ruwa mai hula a sama. A hawan tudu za a yi gumi a cire, a saman tudu iska ta kaɗa a mayar. Wandon jins idan ya jiƙe ba ya bushewa, yana kuma jawo sanyi. Lema ba ta da amfani inda iska ke kaɗawa.

A jakar goyo: ruwa kamar lita ɗaya da rabi, filas na shayi, abinci, dabino ko gyaɗa, filasta, leda ta zuba shara da wata ta zama a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, da abin cajin waya. Babu kwandon shara a gona, duk abin da aka shigo da shi da shi ake fita, har ɓawon ayaba. Taswira kuma kada a dogara ga ta waya kaɗai, don sabis na ɗaukewa a cikin kwari. Ta takarda mai lamba OL45, ta hukumar zana taswira ta Ordnance Survey, ita ta ƙunshi arewacin yankin, kuma tana nuna har iyakar kowace gona.

Mata masu abaya ko dogon hijabi fa?

Suna zuwa, suna kuma gamawa lafiya. Matsalar ita ce doguwar riga mai jan ƙasa tana kwasar taɓo, tana kuma maƙalewa a matakalar tsallake shinge. Abin da 'yan uwa mata suka fi samun sauƙi da shi shi ne riga mai kaiwa gwiwa ko ƙasa kaɗan, da wando mai faɗi, da hijabin da ba sai an soka masa allura ba, don iskar saman tudu ba ta da kunya.

Awa nawa mil 6 zai ci?

Akwai tsohon lissafi da wani mai hawan tsauni ɗan Scotland, William Naismith, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Lissafin mutum ɗaya ne mai ƙarfi da ba ya tsayawa. Ayari ba haka yake ba. Mutum goma sha biyar a bakin matakala ɗaya, kowa sai ya jira na gabansa, ga hoto, ga sallah, ga abinci. A ware awa huɗu zuwa biyar don Campden zuwa Broadway.

A naɗa jagaba wanda ba mai wuce shi, da mai rufa baya wanda ba a barin kowa a bayansa. A ƙirga kai a wurin tashi da bayan kowane hutu. Saurin ayari shi ne saurin wanda ya fi kowa nawa, kuma akwai wata ɗabi'a da ya kamata a bari: na gaba su tsaya su huta, da na baya ya iso yana haki sai su miƙe. Shi bai huta ba ke nan. A ba shi nasa lokacin.

Inda hanya ta biyo ta kan siririn titi mara gefen masu ƙafa, 'yan kaɗan su bi dama suna fuskantar motocin da ke tahowa, a layi ɗaya. Babban ayari kuwa ƙa'idar hanya ta ce ya bi hagu, da mai sa ido gaba da baya sanye da riga mai ɗaukar ido.

Sallah da alwala fa? Abinci kuma?

Babu masallaci a waɗannan ƙauyukan, sai an shiga Cheltenham ko Gloucester. A Afrilu da Mayu Azahar na shiga bayan ƙarfe 1 kaɗan, La'asar wajen ƙarfe 5, don haka Azahar a hanya za ta same ku. A fito da alwala daga gida, a riƙe 'yar gorar ruwa daban. A sami gefen fili inda ba a tare hanya ba, a duba kashin tumaki kafin a shimfiɗa darduma, kuma a sa leda a ƙarƙashinta. Alƙibla kudu maso gabas take. Zancen ƙasaru da haɗa salloli kowa ya tambayi malaminsa kafin ranar, kada a mayar da saman tudu wurin muhawara.

Naman halal da wuya a same shi a ƙauye. Shagunan shayi na da miyar ganye, burodi da cuku, dankali, kek. A yawancin ƙauyuka mashaya ce gidan abinci, nan iyalai ke cin abincin rana da yaransu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga ba ya taho da guzurinsa. Dambun nama ba ya saurin ɓaci a jaka. Ban ɗaki kuwa sai a garuruwa irin su Campden, Broadway da Winchcombe, kada a wuce shi ana cewa sai gaba.

Ƙauye ne, amma ga manyan gidaje da coci kamar fada. Ina kuɗin ya fito?

Daga bayan tunkiya. A tsakiyar zamanai gashin tumaki shi ne babban abin da Ingila ke fitarwa waje, kuma na Cotswolds na cikin waɗanda masaƙan Flanders da Italiya suka fi nema. Tumakin yankin manya ne masu dogon gashi mai murɗe-murɗe. Fatake suka yi arziki, suka zuba shi a gine-gine. William Grevel, ɗaya daga cikin manyansu, ya rasu a 1401, gidansa na nan tsaye a babban titin Chipping Campden, kabarinsa kuma a cocin St James da kuɗin ulu ya ɗaukaka. Har yau shugaban majalisar dattawan Birtaniya a kan wani matashi cike da ulu yake zama, don tuna abin da ya gina ƙasar.

Daga baya sana'ar saƙa ta koma manyan masana'antun arewa masu aiki da kwal, yankin ya talauce. Talaucin ne ya tsare ƙauyukan, don ba wanda ke da kuɗin rushewa ya sake gini. Dutsen kuma daga ƙarƙashin ƙafarsu suka haƙo shi, shi ya sa gida da katanga da coci duk launinsu ɗaya, ruwan zuma a arewa, yana ƙara haske idan an nufi Bath. Yau abin ya juya: attajiran Landan sun saye gidaje da yawa, 'ya'yan ƙauyen da dama ba sa iya zama inda aka haife su. A tuna cewa gidajen da mutane a ciki. Ba a leƙa taga, ba a jingina da ƙofar mutum don hoto.

Baƙaƙe ne mu, wasu da hijabi. Ba za a bi mu da kallo ba?

Za a kalla, musamman idan kuna da yawa, don ƙauyukan kusan duk Turawa ne. Yawancin kallon na mamaki ne. Al'adar hanya ita ce duk wanda aka haɗu da shi a gaisa, abin da ba a yi a jirgin ƙasan Landan, kuma za ku ga tsofaffi sun tsaya suna tambayar daga ina, zuwa ina. Ba a ce babu masu baƙin hali ba. Ƙungiyar Muslim Hikers, wadda Haroon Mota ya kafa a 2020, ta sha zagi a intanet bayan tattakin da ta yi a Peak District ranar Kirsimeti ta 2021, amma ba ta fasa ba, kuma jama'a da yawa sun mara mata baya. Akwai kuma Black Girls Hike da Rhiane Fatinikun ta kafa a Manchester a 2019. Wanda bai da abokan fita zai iya bin ɗaya daga cikinsu, ko reshen Ramblers na garinsu, ko tattakin da masu aikin sa kai na Cotswolds ke jagoranta. Haƙƙin hanyar bai tambayi launin fata ko takardar zama ba.

Ban da tumaki, me ake gani?

Daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu ƙasan dazuzzuka kan rufe da wani fure shuɗi mai kamar ƙararrawa, bulubel. Ana ƙiyasin kusan rabin irinsa na duniya a Birtaniya yake. Doka ta hana tono shi, kuma idan aka tattake shi yakan ɗauki shekaru kafin ya farfaɗo, don haka kada a shiga tsakiyarsa a kwanta don hoto. A wurare masu laima za ku ji warin tafarnuwa tun kafin ku ga farin furenta, ta daji ce. A Mayu shingayen ƙaya na yin fari fat da fure, gonakin wani tsiro da ake tatsar man girki daga 'ya'yansa kuma su yi rawaya har ido ya gaji.

Tsuntsayen ma abin saurare ne, kuma wasunsu baƙi ne daga wajenmu. Tsattsewar da ke shawagi a kan makiyaya ta ƙetaro Sahara kafin ta iso. Tsuntsun nan kuku, wanda Turawa ke ɗaukar kukansa shaidar shigowar bazara, a dazuzzukan Kongo yake hunturu. Tun 2011 masana ke ɗaura wa wasu na'urar bin sawu, suka ga sukan yada zango a Afirka ta Yamma a hanyar dawowa. Akwai kuma wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke hunturu a yankin Sahel. A bazarar 1969 mafi yawansu ba su dawo Ingila ba, da aka bincika sai aka gano farin da ya fara a Sahel ne ya cinye su.

Akwai macizai?

Mai dafi iri ɗaya ne a duk Birtaniya, kuma gudun mutane yake yi, da wuya ku gan shi. Kaska ta fi shi zama abin damuwa, don tana iya ɗauke da cutar Lyme. A cusa ƙafar wando cikin safa idan za a ratsa doguwar ciyawa, a duba jiki bayan an koma gida. Idan wani jan zobe ya fito a fata ko zazzaɓi ya biyo baya, a ga likita a gaya masa an je daji; a baƙar fata zoben ba ya fitowa sosai, don haka kada a jira sai an gan shi. Akwai kuma wata ciyawa mai ganye kamar zarto a gefen shinge, taɓa ta na sa raɗaɗi da ƙaiƙayi na ɗan lokaci. Idan an sami rauni babba, a kira lambar gaggawa, 999 ko 112.

Za a iya zuwa da yara?

Ana iya wa. Ɗan shekara takwas zuwa sama zai iya mil 6 idan akwai abin taunawa a aljihu. Keken tura jariri ba ya wuce matakala, sai goyo. Ga ƙanana, tafiya daga Bourton-on-the-Water zuwa Lower Slaughter da Upper Slaughter ta fi, shimfiɗaɗɗiya ce, rabinta a bakin rafi.

An ce akwai wasu bukukuwa a ƙarshen Mayu?

Akwai biyu, duka a kan Cotswold Way. A Cooper's Hill kusa da Gloucester, ranar Litinin ta ƙarshe a Mayu, ana sako ƙaton curin cuku daga saman wani gangare mai tsananin tsayi, mutane su bi shi a guje suna ƙundumbala. Wanda ya riga isa ƙasa cukun nasa ne, kuma kusan kowace shekara sai an kwashi masu rauni. Kallo ya ishe ku. A Dover's Hill kuma, ranar Juma'ar da ke biye, ana wasannin da lauya Robert Dover ya fara wajen 1612, ciki har da gasar shurin ƙwauri, inda 'yan wasa ke cusa tattaka a wando don rage zafi. Mai neman tattaki cikin natsuwa ya kauce wa waɗannan ranakun.

Idan an ce za a yi ruwa, a fasa?

Yayyafi ba ya hana fita, in ba haka ba ba za a taɓa fita a Ingila ba. A duba hasashen Met Office, hukumar kula da yanayi, daren jajibiri da kuma da safe. Idan sun ba da gargaɗin iska mai ƙarfi ko tsawa, a ɗage.

Yaya ake zuwa, kuma nawa za a kashe?

Tafiyar kanta kyauta ce, kuɗin na sufuri ne. Daga tashar Paddington a Landan jirgin ƙasa na kamfanin GWR na kai wa Moreton-in-Marsh cikin kusan awa ɗaya da rabi, ta Oxford. Idan mutum 3 zuwa 9 suka sayi tikiti tare a lokacin da ba cunkoso, akwai rangwamen kashi ɗaya cikin uku, sai dai dole a tafi tare a dawo tare. Chipping Campden ba shi da tashar jirgi, daga Moreton ko Stratford-upon-Avon sai bas ko tasi. Masu zuwa da motoci su ajiye ɗaya a Broadway tun da safe, don ta mayar da direbobi Campden su ɗauko sauran.

Bas ɗin ƙauye shi ne inda shiri ke wargajewa. Ba shi da yawa, yana daina aiki da wuri, ranar Lahadi kuma wasu layukan ba sa fita sam. Asabar ta fi. A duba lokacin bas na ƙarshe kafin a sayi tikitin jirgi, a tsara isa Broadway aƙalla awa ɗaya kafin sa. Tasi ma ba a tsayar da ita a bakin titi kamar a birni, motocin 'yan kaɗan ne, sai an kira tun kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, a faɗi yawan mutane, a kuma gaya wa direba cewa takalman da taɓo.